Kunne a Gadon Bayan Inna

Har na yi wayo ban daina lafewa a bayan Inna ba. Idan tana hira da maƙwabta, sai in manna kunne a gadon bayanta, in ji maganar tana gurnani can ciki kamar tukunya na shirin tafasa. Kalma ko ɗaya ba ta fita.

Hunturun bana tari ya kama ta, ga zazzaɓi. Kwana huɗu tana cewa mura ce, sai da numfashi ya fara yi mata wuya ta yarda muka tafi asibiti.

Likita ya shimfiɗa tafin hannunsa a bayanta, yana ƙwanƙwasa yatsa kamar mai zaɓen kankana. Dama ta amsa kamar ganga. Ƙasan hagu kuwa sai wani dum, kamar an bugi buhun gero. Ya ɗora abin awon ƙirji, ya ce, "Mama, ki ƙirga min da raɗa: ɗaya, biyu, uku."

Da ya ga na ƙura masa ido, sai ya miƙo min. A dama ban ji komai ba sai shuu. A hagu na ji "ɗaya, biyu, uku" tar, kamar a kunnena take faɗa. Na yi murmushi, a zatona nan ne lafiyar take. Ya girgiza kai.

Ya ce lafiyayyen huhu kamar soso yake, cike da miliyoyin 'yan jakunkunan iska. Suna shanye siririn sauti, kaurin murya kaɗai ke isa ga fata. Idan limoniya ta cika su da ruwa da mugunya, wurin ya yi tauri kamar hanta, sai magana ta ratsa kai tsaye.

Daga baya na karanta cewa Leopold Auenbrugger ne ya bayyana ƙwanƙwasa ƙirji a 1761, René Laennec kuma ya naɗe takarda ya saurari ƙirjin wata mara lafiya a Faris a 1816.

Mun kwana biyar a asibiti. Bayan wata guda, tana zaune a tabarma, na durƙusa na manna kunne a hagunta.

"Kai, da gemunka?" ta ce.

"Inna, ki dai ƙirga min."

Ta ƙirga tana dariya. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Na ce alhamdu lillahi.