Ranar da na je ɗaukar gurmin Kaka

Kakana na wajen uwa yana zaune a wani ƙauye kusa da Gwaram, kuma tun kafin a haifi mahaifiyata yake kaɗa gurmi. Bai yi suna irin na marigayi Haruna Uji na Haɗeja ba, kiɗansa bai wuce bikin dangi da dandalin ƙauye ba. Amma bara da na je gaishe shi da hutu, sai na lura hannunsa ya fara rawa idan ya ɗauki kofin shayi. A daren na kasa barci, domin na tuna babu ko kaset ɗaya da ke ɗauke da kiɗansa. In hannun ya ƙi gaba ɗaya, shi ke nan.

Sai na fara tara kuɗi daga ɗan abin da ake turo mini makaranta. Bayan wata huɗu na shiga Kano, na sayi wani makirufo mai ƙyalli irin wanda muke gani a bidiyon mawaƙa, da hedifon maras waya mai bugun ƙirji. Ban tambayi kowa ba. Kyan kwalin ne ya ja ni.

Na kai Kaka ɗakin ƙanin mahaifiyata, na siminti mai rufin kwano, don a ganina shi ya fi kama da situdiyo. Ya dubi makirufon ya ce, “Kai abokina, wannan maciji fa? Yana sara?” Na ce, “Ku dai ku kaɗa, Kaka, yau za ku shiga kwamfuta.” Ya kaɗa kusan awa guda. Da na saurara, sai jikina ya yi sanyi. Ga carar zakara, ga injin niƙa na bayan gida, ga ƙarar fanka, ga wani shuuu da ba ya yankewa. Gurmin kuwa yana can nesa, kamar a cikin rijiya ake kaɗa shi. Kaka ya saurara ya ce, “Ashe zakaran ka zo ɗauka.”

Wani ɗan ajinmu da ke taya aiki a situdiyo ne ya warware mini matsalar, kuma abin da ya koya mini shi nake so ƙannena su sani kafin su kashe kuɗinsu.

Makirufon da aka fi amfani da su iri biyu ne. Akwai dainamik, irin na masallaci da wajen taro. A cikinsa akwai maganaɗisu da siririyar waya da aka nannaɗe, ba ya buƙatar a ba shi wuta, yana jure faɗuwa da ƙura, kuma ana kusantar da shi sosai ga abin da ake ɗauka, don haka hayaniyar nesa ba ta cika rinjaye ba. Shure SM57 da SM58, da suka fito a 1965 da 1966, irin wannan ne, kuma har yau ana aiki da su a duniya. Na biyu shi ne kondensa, wanda na saya. Fatar da ke karɓar sauti a cikinsa siririya ce ƙwarai, shi ya sa yake jin motsin yatsa a kan tsirkiya. Amma yana jin zakara ma. Sannan na gaske yana son wutar volt 48, wadda wani ɗan akwati da ’yan situdiyo ke kira sawunkad yake ba shi. Ni kuwa kai tsaye na cusa nawa a kwamfuta, sautin ya fito da rauni, na ƙara masa ƙarfi, shuuu ɗin ya ƙaru tare da shi.

Saboda haka zaɓin ya dogara ne da kayan kiɗan da kuma wurin. Kalangu, ganga da algaita suna da ƙarfin murya, dainamik ya ishe su. Gurmi, garaya, kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos, da sarewa, sun fi fitowa da kondensa, amma sai a ɗaki mai shiru. In gidanku akwai yara da awaki da janareta, dainamik zai fi rufa maka asiri.

Hedifon ma ya cuce ni. Na kasuwa da yawa ana ƙara musu kauri ne don daɗin sauraro, sai su yi maka ƙarya game da abin da ka ɗauka. Maras waya kuma yana jinkirta sauti kaɗan, abin da ke rikita makaɗi. Na aiki mai waya ne. Lokacin ɗauka ana son rufaffen baya, wanda ke toshe kunne, don ka ji abin da makirufo ke ji, kuma kada sautinsa ya zuba ya koma cikin makirufon. Mai buɗaɗɗen baya ya fi dacewa da lokacin gyara. In ɗaya za ka iya saya, sayi rufaffe.

Babban kuskurena dai shi ne ɗakin. Siminti da kwano suna mayar da sauti, amsa-kuwwa ta cakuɗe da kiɗan. Abin kunya, mu ’yan Birnin Kudu bai kamata a koya mana wannan ba. Muna firamare aka kai mu ganin zanen da ke jikin duwatsun garinmu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, aka nuna mana duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buge su, waɗanda Bature Bernard Fagg ya yi nazari a kansu a 1955. Kowa ya ga yadda amon ke canzawa gwargwadon inda ka buga da inda ka tsaya. Darasin ke nan, na manta.

Hutun da ya biyo baya na koma da aron kaya: sawunkad da rufaffen hedifon. Wannan karon a ɗakin Kaka na ƙasa muka zauna. Na shimfiɗa tabarma biyu, na jingina katifa a bango, na rataya bargo a ƙofa. Muka jira hantsi, yara sun tafi makaranta, zakaru sun lafa, na roƙi mai injin niƙa ya ba mu awa ɗaya. Na sa hedifon, Kaka yana kaɗawa ina matsar da makirufo a hankali. Dab da ƙoƙon gurmin, sai gum-gum kawai. Da nisa, sai ɗaki. Wajen taki ɗaya da rabi, daidai inda wuya ya haɗu da ƙoƙo, sai ga gurmin sak, da muryarsa a sama. Na rage ƙarfi don kada alamar ta taɓa ja, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Da Audacity na ɗauka, manhajar kyauta ce, na ajiye a matsayin WAV, na kwafa wuri uku.

Waƙa tara muka samu. Da na sa masa hedifon ya ji kansa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Wannan ta ukun, wajen babana na koye ta.” Ban taɓa sanin haka ba.

Yanzu hannun nasa ba ya iya riƙe tsirkiya sosai, gurmin yana rataye. Idan akwai mai goge, mai garaya ko tsohuwa mai waƙar daɓe a gidanku, kada ka jira sai ka mallaki kaya masu tsada. Ko wayar yayanka ce, nemi ɗaki mai shiru, ka kashe fanka, ka ajiye ta taki ɗaya ko biyu daga gare su, ka saurara da iyafis mai waya, in bai yi ba ka matsar ka sake. Ka yi amfani da manhajar ɗaukar sauti ta wayar, domin saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti. Kuma ka tambaye su wajen wa suka koyi kowace waƙa, ka rubuta.