Kambun Bankok da Kirarin Gidan Dambe

A ƙasar Tailan, ɗan damben da aka kira zakara yana da kambu, yana da ajin nauyinsa, kuma akwai littafin da ya adana ranar da ya ci da sunan wanda ya kayar. A wurinmu, mutanen karkarar Dambatta, zakara ba shi da komai sai kirari da kalangu da abin da dattawa suka riƙe a ka, su kuwa ƙasa tana ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Wannan bambanci ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Damben Tailan, wato Muay Thai, ɗan'uwan namu ne. Su ma da igiya suke naɗe hannu kafin safar dambe ta maye gurbinta wajen ƙarshen shekarun 1920, kuma bisa al'ada da kiɗa da busa ake gwabzawa. Sai dai sun gina gidajen dambe biyu a Bankok, Rajadamnern a 1945 da Lumpinee a 1956, kowanne da jerin gwanayensa aji-aji. Shi ya sa har yau ake iya cewa Toshio Fujiwara na Japan ne baƙo na farko da ya ci kambun Rajadamnern, a 1978.

Ni kuwa na tashi a inda gona ke jingine da gona, gado ya rarraba ƙasa har ta zama ƙyalle-ƙyalle. Da an yanke gero an kai dawa rumbu, sai fili ya samu, 'yan dambe su sauka. Kawuna yana cikinsu. Ya yi kaka goma sha ɗaya yana naɗa zare, ana cewa a turmin farko yake kisa. Yau idonsa ɗaya ba ya gani, kuma da na tambaye shi mutum nawa ya kashe, wato ya kayar, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa ya ƙidaya?" Makaɗin da ke masa kirari ya rasu, tarihin ya bi shi kabari. Shago ya tsira daga mantuwa domin ya samu Ɗan Anace. To, 'yan dambe nawa ne suka sami irin wannan rabo?

Ba ina kiran mu kwaso komai daga Bankok ba ne. Tun da damben nasu ya bazu a duniya, ƙungiyoyi suka yawaita, irin su WMC da aka kafa a 1995 da reshen WBC, kowace tana raba nata kambun duniya, har a aji guda a sami zakarun duniya barkatai. Masana wasan sun fi girmama kambun Lumpinee da Rajadamnern, domin a can sai ka bi ta kan gwanaye kafin ka kai. Kambun da ya yi arha ado ne kawai.

Yanzu da dambe ya shiga intanet, ana saka mota da babur, masu kuɗi za su zo da nasu kambunan. Kafin su iso, ya kamata shugabannin Kudu da Arewa da Guramada su yarda da abu uku: sikeli, don kada a haɗa yaro da wanda ya ninka shi ƙarfi; ma'aikacin lafiya a bakin fili; da littafi guda da zai rubuta kowace karawa, daga dandalin Ado Bayero a Kano har filin ƙauye. Kalangu ya ci gaba da aikinsa, amma a ba alƙalami nasa. Samarin da ke sayar da lafiyarsu a kowace kaka sun cancanci jikokinsu su san abin da suka yi.