Momi daban, momia daban

Wani yaronmu da ke aikin gonar tumatir a Almeriya, kudancin Sipaniya, ya kusa rasa ɗakin kwanansa saboda harafi guda. Tsohuwar da ta ba shi haya tana riƙe da shi kamar ɗan cikinta, shi ko ya ga ya dace ya kira ta yadda yaran birni ke kiran uwa a nan, wato Momi. Ya tambayi wayarsa, ta ba shi momia, ya tura mata. Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Mu da muka zauna benci a lakwal mun san momie ta Faransanci, to ita ce. Momia gawa ce da ta bushe ba ta ruɓe ba, irin ta Fir'aunonin Masar. Asalinta ma daga gabas ne: Farisawa na ce wa kakin zuma mum, Larabawa suka kira wata irin kwalta da ake magani da ita mumiya. Da aka ga gawawwakin Masar baƙi wulik, sai aka ɗauka da ita aka shafe su, sunan ya bi gawar. Har dakawa Turawa suka riƙa yi suna saida garin a matsayin magani. Allah ya kiyashe mu.

A ƙasashen da ke jin Sipaniyanci abin ba labarin Masar ba ne kawai, suna da nasu. Na mutanen Cincoro a arewacin Cile sun girmi na Masar da wajen shekara 2000. A Gwanahuwato ta Meksiko gidan tarihi guda aka ware musu, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Mu da ba mu son gawa ta kwana ba a kai ta makwancinta ba, wannan ya yi mana nauyi.

Amma inda kalmar ta fi cizo shi ne in an jefi mai rai da ita. A ce wa mutum momia, an ce ya tsufa ya ƙanjame, fata da ƙashi. Abin da tsohuwar nan ta ji ke nan. A Cile kuma, zamanin shugaba Salvador Allende, daga 1970 zuwa juyin mulkin 1973, magoya bayansa momio suke kiran ƴan adawa masu ra'ayin riƙau, wai tunaninsu ya bushe tun tuni. Har yau kalmar na yawo a siyasarsu. A Meksiko kuwa momios lissafin ƴan cacar ƙwallo ne, babu ruwansa da gawa.

Yaron dai sai da wani ɗan Maroko, abokin aikinsa, ya raka shi ya yi mata bayani. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ya ce mamá, ko ya kira sunanta kawai. Yanzu in ya yi nauyin barci, ita ke buga masa ƙofa tana cewa momia, tashi.