Akwatin Talabijin Ya Rasa 'Yan Kallo A Gidan Malam

Duk wanda ya san unguwannin Jalingo shekaru talatin da suka wuce, in ya zaga su yau bayan sallar isha'i, zai ga wani abu ya ɓace. A dā gidan da ke da talabijin ba ya ɓuya, domin takalman yara da ke zube a ƙofa su ne shaida. Yanzu kuwa kusan kowane gida da akwatinsa, amma ƙofa fayau, samari na zaune a kan benci kowa ya sunkuya, hasken wayarsa na haska masa fuska. A Kachalla Sembe akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda wannan canji ya hana shi sakat, kuma abin da ke damunsa ya isa magidanta su tsaya su duba.

Malam ya girmi talabijin a ƙasar nan. Yana ɗan firamare aka buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sa'an nan a 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗa tashoshin duka a ƙarƙashin hukumar NTA. Shi dai bai mallaki nasa akwatin ba sai da aiki ya kai shi Yola, zamanin Jihar Gongola, inda ya yi ta tari har ya sayi mai hoto baƙi da fari. Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mayar da ma'aikata gida, akwatin nan a cinyarsa ya yi tafiyar har Jalingo, an naɗe shi da bargo kamar jariri.

A wancan zamani kallo yana da ladabinsa. Da an idar da salla sai a fito da akwatin tsakar gida a ɗora bisa tebur, a shimfiɗa tabarmi. Yara a gaba, mata a gefe, manya a baya bisa kujeru. Ranar da za a nuna Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ke fitowa a ciki, ko Karkuzu na Bodara, ko wani wasa na marigayi Kasimu Yero, har katanga ake hawa. In ƙarfe tara ta yi aka fara labarai, ko tari yaro ba ya yi. In aka nuno abin da bai dace ba, gyaran murya ɗaya Malam zai yi, babban ɗansa ya tashi ya murɗe. Dare ya yi nisa tasha ta rufe da taken ƙasa, kowa ya nemi makwanci, da safe kuma a makaranta da kasuwa zancen ke nan, domin abu ɗaya kowa ya gani. Daren da Nijeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasannin Atlanta na 1996, tsakar gidan nan ta ɗauki Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da Hausawa, Musulmi da Kirista, aka yi ta sowa da murya ɗaya har maƙwabtan nesa suka fito.

Ba kowa ne ya yi murna da akwatin ba ko a lokacin. Mahaifiyar Malam, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa wannan baƙo ya raba ta da jikokinta, tun da ya sauka ba wanda ke zuwa ɗakinta neman tatsuniya. Gaskiyarta ce kuwa, gizo da ƙoƙi ba su sake samun masu sauraro ba. Sai dai baƙon da ta yi kuka da shi a tsakar gida ya sauka, a gaban kowa yake magana, kuma mai gida na da ikon ya ce masa ya yi shiru.

Taron nan bai watse rana ɗaya ba. A 1990 aka fito da Turmin Danya a Kano, kaset ɗin finafinan Hausa ya bazu, mata suka ja kallonsu zuwa ɗaki. A 1992 doka ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, daga baya faranti ya hau rufin gidaje, samari suka koma gidajen kallon ƙwallo. A 2001 wayar salula ta shigo, ba wanda ya zaci za ta wuce gaisuwa da saƙo. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasan Daɗin Kowa ya sake tara iyalin Malam na ɗan lokaci, har ya yi zaton abin ya dawo. Ashe bankwana ne. Daga 2020 manyan wasanni irin su Izzar So suka riƙa fitowa kai tsaye a YouTube, Labarina ma da ake nunawa a tasha ana samunsa a can, saboda haka ba wanda ke jiran ranar wasa ko sa'arsa. Ga kuma zancen aljihu. Talabijin na bukatar wuta, in babu wuta sai janareta, man fetur kuwa ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Waya ko, a kai ta shagon mai caji da safe, ta wadatar da mai ita har dare.

Wata rana Malam ya tarar da jikarsa, 'yar shekara goma sha huɗu, tana ta ƙyalƙyala dariya ita kaɗai a lungu, kunnuwanta a toshe. Ya ce, "Amarya, wace kishiya kika samo mini da ta fi ni ban dariya?"

Ta ce, "Kai Kaka, TikTok ne. Ko na nuna maka ba za ka gane ba."

Ya ce, "To wa ke zaɓa miki abin da za ki gani?"

Ta ce, "Ba kowa. Ita wayar ce ke gane abin da nake so. In na daɗe a kan abu, sai ta yi ta kawo mini irinsa."

Wannan amsa ta kwana a ran Malam. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, ya san cewa aikin malami shi ne ya ba yaro abin da yake bukata ko da ba ya so. Ga shi yau an sami wani malami marar fuska a aljihun jikarsa, wanda aikinsa shi ne ya ba ta abin da take so, ya ƙara mata, don kada ta ajiye shi, saboda da zamanta ake sayar da talla. Wannan malami ba ya rufe tasha, ba ya jin gyaran murya. Mutum tara ne a gidan, kowa da abin da ya kalla, ba mai iya tambayar wani ko ya ga abin da ya faru jiya.

Hajiya, uwargidansa, ba ta bar shi ya yi hukunci shi kaɗai ba. Ta ce, "Malam, a yi adalci. Da wayar nan nake jin tafsiri duk lokacin da na gama aiki, da ita nake ganin fuskar ɗana da ke Legas, da ita surukarka ke tallar turaren wutarta. Akwatinka ya taɓa yi mini ɗaya daga ciki?" Malam bai musa ba. Ya san zamani riga ne, ya kuma san wanda ya ƙwace wayar yaro yau, gobe yaron zai ari ta abokinsa ya kalla a ɓoye.

Da ɗansa ya kawo shawarar a sayar da talabijin ɗin bango da ya saya masa, tun da ƙura kawai yake sha, Malam ya ƙi. Maimakon haka ya sa aka haɗa shi da waya, ya kafa doka cewa kowane daren Asabar za a fito da tabarmi, yara su zaɓi wasan da suke bi a intanet, a kalla tare, sauran wayoyi kuwa a tara su cikin faranti. Makon farko an sha kumbure-kumbure. Har yanzu babban jikansa yakan sulale da hujjar karatu. Amma Malam ya san sunayen 'yan wasan da jikarsa ke so, yakan tsayar da wasa ya tambaye ta ko abin da wance ta yi wa mahaifiyarta daidai ne, ita kuma takan yi gardama, gardamar da ya fi so da shirun dā.

Dare ɗaya a mako ba zai mayar da 1996 ba, Malam ma bai ce zai mayar ba. Abin da yake faɗa wa abokan hirarsa a ƙofar masallaci shi ne, uba ba zai iya tankwara icen da bai san inda ya karkata ba, kuma ba zai sani ba sai ya zauna ya ga abin da ɗansa ke gani. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba iyaye haƙurin zama da su, amin.