Birki Ba Ya Tsinkewa Haka Kawai

A aikinmu na rediyo akwai jimlar da bakina ya saba da ita har ba na tuntuɓe idan na zo kanta: "Direban ya ce birki ne ya tsinke masa." Daga nan sai adadin waɗanda suka rasu, sai addu'a, sai labari na gaba. Kalmar "tsinke" tana sa mai sauraro ya ɗauka wata igiya ce ta katse farat ɗaya, ba laifin kowa. Amma a ƙananan motoci da babura masu faifan birki, abin da ke kai ƙarfin ƙafarka ko hannunka zuwa taya ruwa ne, wato man birki. Shi kuwa lalacewarsa a hankali take zuwa, cikin watanni, a cikin wani ɗan gwangwani da ba kowa ke buɗewa ba.

Tamale gari ne na masu ƙafar roba. Daga Aboabo zuwa Lamashegu, babur da yalo-yalo sun fi ƙarfin lissafi, kuma tun da aka buɗe gadar sama ta tsakiyar gari a 2022 titi ya ƙara daɗin gudu. Ba mu da filin tseren mota, amma muna da samari masu jinin tsere. Ƙanena yana cikinsu. Ranar Lahadi da yamma sukan fita bayan gari da tsofaffin motocin da aka shigo da su daga Turai, su sami fili mai jar ƙasa, su yi ta gudu da shan kwana. Na yi masa faɗa, Hajiyarmu ta yi masa kuka, duk ya ji da kunnen ƙashi.

Wata Lahadi a watan Afrilu abokinsa ya zagaya filin sau bakwai ko takwas, kowane zagaye yana danne birki da ƙarfi kafin kwana. A zagaye na gaba ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka tuwo. Motar ta wuce kwanar ta daki bishiyar kaɗanya, ya karye a hannu. Abin da ya fi ruɗa yaran shi ne, da suka dawo janye motar bayan kusan awa ɗaya, birkin yana kamawa lafiya lau. Kafin dare magana ta bazu a unguwa cewa hannu aka sa wa yaron.

Washegari na bi motar zuwa garejin wani dattijon fita. Ya buɗe gwangwanin man birkin, ya tsoma tsinke ya nuna mini. Man ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana.

"Baba, to yaya birki zai ɓace kuma ya dawo da kansa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin tukunya ta tafasa, an sauke, ta huce? Shi ke nan asirin da aka yi masa."

Bayaninsa da abin da na karanta daga baya sun zo daidai. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mai da gudu zafi. Idan ana takawa a jere ba hutu, zafin yana ratsawa har ya kai ga man. Man birki kuma yana da wani hali: yana tsotsar danshi daga iska, ta murfi da ta jikin tiyo. Sabon DOT 3, bisa ma'aunin ma'aikatar sufuri ta Amurka wadda sunan ya fito daga gare ta, ba ya tafasa ƙasa da digiri 205. Idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya sauko zuwa 140. DOT 4 yana faɗowa daga 230 zuwa 155. Da man ya tafasa sai ya yi tururi a cikin bututu. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa yake tura birki. Tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ƙafa ta nutse taya bai ji komai ba. In ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo kamar bai taɓa yin laifi ba.

A Jamus akwai filin tsere na Nürburgring, mai tsawon kusan kilomita 21, inda mutum kan biya kuɗi ya shiga da motarsa ta gida. Masu wannan sha'awa a can sun ɗauki sauya man birki kafin ranar gudu a matsayin abu na farko, kuma sukan yi zagaye a hankali a ƙarshe don birki ya sha iska. Samarinmu sun kwafi gudun daga bidiyon waya, sun bar wannan ɓangaren.

Maganar ba ta tsaya ga 'yan wasa ba. Direban da ke gangaro dutsen Nakpanduri da fasinja cike, ƙafarsa a kan birki tun daga sama, yana dafa mansa kamar yadda yaron nan ya dafa nasa. Daminarmu, daga Mayu zuwa Oktoba, tana ciyar da man danshi. Zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da shi a raunane. Da na kawo batun a shirina na safe, wani direba ya bugo ya ce idan mai ya ƙare musu a daji, ruwan sabulu suke zubawa su ƙarasa tafiya. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana cinye ƙarfen ciki da tsatsa. Na tambaye shi ko yana zubar da shi in ya iso gari. Shiru ya yi, sannan layin ya yanke.

Yawancin masu ƙera motoci suna cewa a sauya man birki duk shekara biyu. Sauyawa, ba ciko ba: a zuƙe tsohon gaba ɗaya, a fitar da iska ta kowace taya. A sayi mai rufaffen kwalba, don wanda aka buɗe aka ajiye ya riga ya fara shan danshi. A duba lambar da ke rubuce a murfin gwangwani, kuma kada a haɗa DOT 5 da sauran, shi jinsinsa daban. A gangara, a sauko da giya inji ya riƙe motar. Birkin da ya fara laushi kuwa sallama yake yi, a amsa masa tun a gareji.

Ƙanena bai daina zuwa filin ba, kuma ban daina tsoron kiran wayar yammacin Lahadi ba. Abin da na samu daga gare shi shi ne sharaɗi ɗaya: motarsa ba ta fita sai Baba ya duba man ya yarda. A ɗakin labarai kuma, idan rahoto ya zo da "birki ya tsinke", yanzu nakan sa wakilinmu ya koma ya tambayi mai motar: yaushe rabon da a sauya man?