Rinin robar mota da amanar ciniki

Mu mazauna Sabon Ibadan mun san halin motar tokunbo: inji lafiya lau, amma baƙar robar bamba da ta madubi duk ta koɗe, ta yi toka-toka. Aikin rana ne.

Wasu sai su goga mata baƙin mai. Ranar ta yi ta ƙyalli, ruwa ya sauka sau biyu, shi ke nan ta koma gidan jiya. Rini na gaske daban ne. A wanke robar da omo, ta bushe sarai a inuwa, a rufe fenti da salatif, sannan a shafa rinin da soso, sama-sama, sau biyu. Shi kama jikin roba yake yi, shi ya sa yake daɗewa.

Gyara halal ne, jama'a. Matsalar tana ranar sayarwa. Wanda ya shafa mai da safe, ya ce wa mai saye motar ba ta sha rana ba, ya yi algus. Mu baƙi ne a nan, amana ce jarinmu. In Bahaushe ɗaya ya cuci Bayarabe, Sabo duka za a zarga. In mun rina, mu faɗa. Allah Ya sa mu dace.