Kalkilatiris ba ta san delta ba

Yawancinmu ƴan lise, abin da muke yi da kalkilatiris bai wuce tarawa da rabawa da neman sinus ba. Alhali irin su Casio Graph 35+ da TI-83 ƙananan kwamfutoci ne: kana iya rubuta musu porogaram, wato jerin umarni da za su bi ɗaya bayan ɗaya. Abin ma ba na yau ba ne. Tun 1974 kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da HP-65, wadda umarni 100 kacal take riƙewa, amma aka tafi da ita sararin samaniya a 1975.

Ni da delta na fara, kuma shi nake ba kowa shawara. A Casio, ka shiga PRGM, ka ba porogaram ɗin suna. Ka rubuta ?→A, ma'ana tambayi lamba ki ajiye ta cikin A. Haka B, haka C. Sai B²−4AC→D. Daga nan ne aikin yake, domin na'urar ba ta san delta ba, ba ta taɓa zama ajin mushen lissafi ba. Kai ne za ka faɗa mata da If da Then da Else: in D ya fi sifili amsa biyu ce, in sifili ne ɗaya ce, in ya gaza babu. To in wani ya sa sifili a A fa? Za ta yi ƙoƙarin rabawa da sifili ta tsaya cik. Dole ka tuna da wannan tun kafin ya faru. A kaye mutum na iya tsallake mataki, mushe ya yi masa uzuri. Ita kam ba ruwanta. Kafin in gama layukan nan na fahimci darasin fiye da duk haddar da na yi. Ka gwada da 1, −5, 6: in ba ta ba ka 2 da 3 ba, koma ka duba.

Wasu abokaina na cewa ai wannan ragwanci ne. In ka kwafi na wani, e, ragwanci ne, kuma ranar jarrabawa ba zai cece ka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne While, maimaitawa. A ce gari na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 duk shekara, yaushe jama'arsa za ta ninka? Layi kaɗan, ta yi ta ninkawa da 1,03 tana ƙirga, ta ce maka shekara 24.

Ga shi ba ta son intanet, ba ta son kuran, pil huɗu ne abincinta. Ko an ɗauke wuta, da ƴar tocila ina ci gaba da aikina a kan tabarma. Wanda bai da ita ya rubuta umarninsa a takarda, gobe ya ari ta wani a aji ya gwada.